Yadda ake girka tanderun ɗumama gida mai aiki da mai, da yadda ake kula da shi

A hunturuna na farko a wani gidan haya a jihar Pennsylvania, wajen ƙarfe biyun dare cikin watan Janairu, sanyi ya tashe ni. Na kai hannu ramin da iskar ɗumi ke fitowa, na ji ƙarfen kamar ƙanƙara. Na sauka ɗakin ƙasa da tocila, na ga jan maɓallin sake tayar da shi a jikin injin, na danna. Ya yi gurnani ya mutu. Na sake, har sau huɗu. A na biyar wuta ta kama da ƙara kamar an doki ƙofar ƙarfe da taɓarya, bututun hayaƙi ya ɓalle daga mahaɗarsa, kunkunniya ta turnuƙe har ɗakin da yara ke kwance. Allah Ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Da safe mai gyara ya buɗe cikin tanderun ya nuna mini ƙasansa jiƙe sharkaf. A tsohon inji irin wannan, duk dannawa ɗaya tana fesa man da ya kai cokali biyu ko uku, kuma idan bai kama ba, nan yake taruwa yana jiran tartsatsi. Wannan daren ne ya sa daga baya na shiga koyon aikin.

Gidaje kusan miliyan 5 ne a Amurka ke ɗumama da mai, akasarinsu a arewa maso gabas, don haka 'yan'uwanmu da ke Niyok da jihohin da ke kewaye da ita da wuya su rasa haɗuwa da shi. Man ana kiransa lamba 2, ɗan'uwan dizal ne, wanda a Kano ake ce wa gas, a Maraɗi gazuwal. An rina shi ja don a bambanta shi da na mota. Kada sunan ya ruɗe ka, wannan ba iskar gas ta girki ba ce. A cikin tanki mai ne mai sanyin hali, ba ya kamawa da sauƙi. Sai famfo ya matse shi ya tura ta wani ɗan tsukakken baki da muke kira nozul, ya fito kamar hazo, fanka ta gauraya shi da iska, tartsatsin lantarki ya kunna shi. Wutar tana ci a cikin wata randar ƙarfe rufaffiya. Hayaƙi ya bi bututu ya fita ta rufi, babbar fanka kuma ta kaɗa iskar gida ta bayan randar, ta ɗauki zafi ta kai ɗakuna. Haɗarin abin duka a wuri biyu yake: man da aka fesa bai ƙone ba, da hayaƙin da ya bar hanyarsa.

Kafin a taɓa komai

Girka sabon tanderu aikin mai lasisi ne. A jihohi irin su Maine da Massachusetts doka ce ta ce haka, kuma a wurare da yawa sai an karɓi takardar izini, jami'i ya zo ya duba bayan an gama. Ƙa'idar da galibin jihohi ke bi ita ce NFPA 31. Idan aka yi aikin a ɓoye, gobara ko yoyon mai ya auku, kamfanin inshora na iya zame jiki. Amma biyan ma'aikaci bai ɗauke maka sa ido ba. Mai gidan da ya san matakan ba a yi masa aikin ha'inci.

Mataki na farko shi ne girman tanderu. Kada ka yarda da wanda ya leƙa tsohon ya ce a kawo irinsa. Ya kamata ya auna ɗakuna, tagogi, kaurin abin tare sanyi a bango da rufi, ya yi lissafin da ake kira Manual J. Galan ɗaya na mai yana ba da zafi kimanin BTU 138,500 (BTU shi ne ma'aunin yawan zafi), saboda haka nozul mai fesa galan 0.75 a awa yana cin wajen 104,000. Wannan ya ishi gidaje da yawa. Tanderun da ya fi ƙarfin gida yakan yi ta tashi yana mutuwa kafin bututu ya ɗau zafi, ya sha mai, ya tara kunkunniya.

Sai wurin ajiye shi. A ɗora shi bisa bulo ko dakalin siminti don ruwan da kan kwanta a ɗakin ƙasa, a daidaita shi kada ya karkace, a bar tazarar da farantin bayanan da ke jikinsa ya faɗa tsakaninsa da katako, a kuma bar filin da mutum zai durƙusa a gabansa ya yi aiki. Wuta tana numfashi. Ƙa'ida ita ce kowane BTU 1,000 na buƙatar sararin ɗaki mai cin ƙafa 50 kubik, ma'aunin da ya haɗa tsawo da faɗi da tsayi, wato tanderun da muka ambata yana son ɗaki mai filin ƙafa 650 murabba'i idan rufinsa ƙafa 8 ne. Na sha ganin 'yan'uwa sun yanka ɗakin ƙasa sun yi wa baƙo makwanci, sun kulle tanderu a ɗan akurki. In za a yi haka, dole a buɗe masa kafofin iska ko a jawo masa bututun iska daga waje.

Tanki da layin mai

Tankin da aka fi sani na galan 275 ne, sama da lita 1,000, kusan duro biyar. Ba a cika shi fal, ana barin sarari a sama. Ya kasance aƙalla ƙafa 5 daga wutar, ƙafafunsa bisa siminti mai ƙwari, a ɗan karkata shi zuwa wajen mafitar ƙasa don ruwa kada ya kwanta a gindinsa. Bututu biyu ne ke fita waje daga kansa: na zuba mai da na numfashi. A gindin na numfashin akwai usur da ke busawa yayin da ake zuba mai. Da ya yi shiru, direban tanka ya san an cika, ya tsaya. Usur ɗin da ya lalace shi ke jawo ambaliya, shi ya sa direba mai hankali ba ya zubawa in bai ji busa ba.

In tsohon tanki ake cirewa, ka tsaya a kai sai an cire bututun zubawarsa na waje a ranar. An sha yin haka: tanki ya tafi, bakin bututu na nan a bango, direba ya yi kuskuren gida, ya juye ɗaruruwan galan a daɓen mutane.

Layin mai na jan ƙarfe ne. A sa mai rigar roba, kada a binne tsiraransa cikin siminti, domin siminti na cin sa a hankali, mai ya yi ta tsiyaya ƙarƙashin gida ba wanda ya sani. Mahaɗansa a buɗa bakin bututun a ɗaure da noti, banda irin mahaɗin da ake matsewa da zobe, wanda ke shan iska. Banda kuma farin tef na masu aikin famfon ruwa, gutsattsarinsa kan shiga famfo ya toshe nozul. A gindin tanki da gab da injin a sa bawul mai rufe kansa in wuta ta tashi, wanda dalmarsa ke narkewa a digiri 165 na Farenhait, wato kusan 74 a ma'aunin da muka saba. Bayansa sai filta. Wani abu da sabbin hannu ke tuntuɓe a kai: famfo yana zuwa da ɗan sukuru na musamman don tsarin layi biyu, mai kai mai da mai mayarwa. In aka saka shi a tsarin layi ɗaya, famfon zai fasa robarsa ya zubar da mai.

Hanyar hayaƙi da lantarki

Kafin a haɗa sabon tanderu da tsohon bututun hayaƙi na bulo, a share shi, a leƙa cikinsa. In ya tsattsage ko ya yi wa tanderun faɗi, a zura masa rigar ƙarfe. Bututun da ke haɗa tanderu da shi ya zama gajere, yana hawa aƙalla rubu'in inci a kowace ƙafa, kowace mahaɗa da sukuru uku, kuma inci 18 tsakaninsa da katako in mai fata ɗaya ne. A jikinsa ake sa wata 'yar ƙofa mai lilo da ke daidaita zuƙar hayaƙi. In ka gan ta tana buɗewa tana rufewa da kanta, aikinta take yi, kada ka ɗaure ta da waya ko ka liƙe ta.

Tanderu yana da layin lantarkinsa shi kaɗai. Ana sa makunni a jikinsa don mai gyara, da wani mai jan faranti a bakin matattakala, yadda za a kashe shi ba sai an sauka cikin hayaƙi ba. Nuna wa kowa a gidan wannan jan makunnin, har uwargida da manyan yara, ka kuma gaya musu ba na fitila ba ne. Rabin kiran "hita ta mutu" da na je a farkon aikina, wani ne ya kashe shi da kuskure.

Ba a kammala girkawa ba sai an kunna an gwada da na'ura, irin gwajin da zan bayyana a ƙasa, an kuma auna bambancin zafin iskar da ke shiga da wadda ke fita, an ga ya faɗa cikin adadin da ke jikin farantin.

Sabis na shekara

Sau ɗaya a shekara ake yi, kuma Agusta ko Satumba ya fi, kafin masu gyara su yi tsada su yi wuyar samu. Sabis na gaskiya yakan ci awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Wanda ya shigo ya fita cikin minti ashirin bai yi maka komai ba.

Ana farawa da kashe makunni da bireka, wato mai yanke wutar layin a akwatin lantarkin gida, a rufe bawul na tanki, a bari ƙarfe ya huce. A shimfiɗa tsumma, a ajiye tire ƙarƙashin filta. A kwance kofin filtar, a cire tsohuwar, a dubi gindin kofin. In akwai ruwa ko baƙar laka mai kauri, tanki ne ke ba da labarin cikinsa. A wanke kofin, a sa sabuwar filta da sabbin robobi, kada a maimaita tsofaffin. Akwai kuma 'yar rariya a cikin murfin famfo, ita ma a sauya ta da gasket ɗinta.

Daga nan a ɗaga murfin na'urar tartsatsi, a kwance siririn bututun mai, a zaro sandar da nozul ke bisa kanta. Kafin a zare, a yi mata alama a inda take zaune. Nozul ba a wanke shi, ba a tsokane shi da allura. Ramin bakinsa ɗan mitsitsi ne ƙwarai, ƙarzane kaɗan ke karkatar da feshi. Sauya shi ake yi, da sifana biyu, ɗaya ta riƙe mazauni ɗaya ta juya. A jikinsa an buga lambobi uku, misali 0.75, 80, B: galan a awa, faɗin kusurwar feshi, da siffarsa, A mai rami a tsakiya, B cikakke. Sabon ya zo daidai da abin da kamfanin tanderun ya rubuta, ba abin da aka tarar ba, don wataƙila na baya ya sa abin da ya samu a motarsa. A riƙe shi ta gefe, kada yatsa mai datti ya taɓa bakinsa ko matacin bayansa. Lambar galan ɗin kuma a matsin psi 100 aka auna ta, psi kuwa ma'aunin ƙarfin matsi ne. Injuna da yawa yanzu a 140 suke aiki, inda nozul 0.75 ke fesa kusan 0.89, don haka sai an ɗaura agogo a famfo an ga matsin da ido.

Bisa nozul akwai ƙahonni biyu na ƙarfe cikin farin tangaran, aikinsu irin na fulogin mota. A goge tangaran, a duba ko ya tsage, don tsagewa kamar gashi ta isa tartsatsi ya ɓace. Tazarar bakinsu a injin kamfanin Beckett da aka fi gani wajen inci 5/32 ce, kusan milimita 4, amma Carlin da Riello kowa da nasa, kuma akwai ɗan ma'auni na ƙarfe da ake saitawa da shi. Na'urar da ke ba su wuta tana fitar da bolt 10,000 ko fiye. Shi ya sa na fara da bireka.

Ƙarƙashin murfin akwai wani ɗan abu kamar maɓallin riga mai gilashi, idon wuta ke nan. In ya ga haske ya bar inji ya ci gaba, in bai gani ba cikin daƙiƙa 15 zuwa 45, gwargwadon irin na'urar, ya kashe komai, jan maɓallin nan ya tashi. A goge shi da tsumma mai laushi. A share haƙoran 'yar fankar injin, ƙura da gashin kyanwa kan rage iska har wuta ta fara hayaƙi.

Sai aikin datti. A kwance bututun hayaƙi, a buɗe kafofin shara, a bi randar da buroshi, a zuƙe da injin shara na kunkunniya, banda na cikin gida wanda zai watsa ta ko'ina. A sa takunkumi mai kyau. Kunkunniya siririya ma tana hana zafi ratsa ƙarfe, ka yi ta biyan kuɗin man da ke fita ta rufi. Da an share, a haska tocila da madubi a nemi tsaga ko hujin tsatsa. Randar da ta tsage ba ta da gyara, sauyawa ake yi, don ta nan hayaƙi ke shiga iskar da iyali ke shaƙa. A duba farin rufin ɗakin wuta ko ya zube, a share gindin bututun bulo, a mayar da komai da sabbin gasket. A sauya filtar iska, in babbar fankar mai fambel ce a duba ko ya saki.

Tunda an buɗe layi, iska ta shiga, sai an fitar da ita. A buɗe bawul, a zura siririn tiyo mai haske a bakin ɗan notin da ke jikin famfo, ɗaya bakin cikin gwangwani. A kunna, a sassauta notin da sifana 3/8. Mai zai fito da kumfa, a jira har ya zo ja garau, a ɗaure, wuta ta kama.

Yanzu ne aka zo inda ake bambance ƙwararre da mai kame-kame. Bayan wuta ta ci minti goma, ana zura na'ura ta wani ɗan rami a bututun hayaƙi. Zuƙa a saman wuta ta kasance wajen inci 0.02 na ruwa ƙasa da sifili, a bututu 0.04 zuwa 0.06, sai in kamfanin ya faɗi wani abu dabam. A zuƙi hayaƙi ta farar takarda, a gwada tabon da ma'auni mai lamba 0 zuwa 9, ana neman sifili. A rage iska har tabo ya ɗan bayyana, sannan a ƙara har ya ɓace da ɗan rara. Iskar kabon dayoksaid takan zauna wajen kashi 11 zuwa 12, guba kuwa, wato kabon monoksaid, ta yi ƙasa da 100 cikin miliyan, in ta yi ƙasa da 50 ya fi. Wuta na iya yin kyau a ido alhali tana fitar da guba, ni da kaina na ga haka ba sau ɗaya ba. Saboda haka duk wanda ya sauya nozul ko ya taɓa ƙofar iska ba shi da na'urar nan, bai san abin da ya bari a gidan ba. A ƙarshe a gwada tsaro: a rufe bawul ɗin mai wuta na ci, a ga injin ya kashe kansa cikin lokacinsa. Ka nemi takardar sakamakon, a rataye ta a jikin tanderu da kwanan wata.

Rabon mai gida

Abin da ke hannunka ba shi da wuya. Duba filtar iska duk wata a lokacin sanyi. Kada mai ya sauka ƙasa da rubu'in tanki, don daga nan famfo ke fara jan laka. Ranar da aka zuba mai, kashe tanderu na awa ɗaya ko biyu laka ta kwanta. Bar tanki a cike da bazara, tanki wofi yana gumi daga ciki, kuma daga ciki tsatsa ke cinye shi. Shafa hannu a hankali ƙarƙashinsa lokaci-lokaci, in ka ji danshi ko ka ga ɗigo, kira kamfani, kada ka kankare wurin. In tankinka a waje yake, tambayi mai kawo mai ya gauraya da kananzir ko maganin daskarewa, don lamba 2 na yin kauri a tsananin sanyi. Share dusar ƙanƙara daga bakin bututun zubawa da na numfashi. Kwalaye, fenti, buhunan kayan da ake tara wa gida, duk a nisanta su daga tanderu. Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi tallafin gwamnati na ɗumama gida da ake kira HEAP tun farkon kaka.

Sa ƙararrawar guba a kowane hawa da kusa da ɗakunan kwana, ka riƙa gwada ta, ka duba ranar ƙarewar aikinta a bayanta. Mu da muka san labarin iyalan da hayaƙin janareta ko kaskon gawayi ya kwashe cikin dare ba ma buƙatar dogon bayani, gubar ɗaya ce, ba ta da wari ba ta da launi. In mutanen gida suka tashi da ciwon kai, jiri da tashin zuciya a tare, ko ƙararrawa ta yi kuka, a fita waje da kowa, a kira 911 daga can.

In kuwa tanderu ya mutu cikin dare, bi wannan tsari. Duba ma'aunin zafi na bango da batirinsa. Duba jan makunni da bireka. Duba agogon tanki. In duk lafiya, kuma ba warin mai, ba ɗigo a ƙasa, danna jan maɓalli sau ɗaya tak, ka tsaya kana saurare. In ya kama ya ci gaba, ka kira mai gyara da safe ko da hakan, don ba banza ya tashi ba. In ya sake mutuwa, kashe makunni, ka kira lambar gaggawa ta kamfanin man. Idan ya iso, gaya masa gaskiyar sau nawa aka danna, ko kai ne ko wani, domin da wannan zai san ko sai ya tsane man da ke kwance a ciki kafin ya kunna. Kafin ya zo, tara iyali a ɗaki guda da barguna, ka ɗan bar famfunan ruwa suna ɗiga don kada bututu ya daskare ya fashe, kuma kada a kunna murhun girki ko gawayi don jin ɗumi.